Yadda ake kafa zauren WhatsApp na gari a kuma riƙe shi kada ya watse

Tun da ƙungiyar ci gaban garinmu ta gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin firamare da kuɗin da aka tara ta waya, da wuya in shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi wani daga ƙauyukan maƙwabta bai tare ni ba. Tambayar ɗaya ce: "Malam, ku yaya kuka yi naku zauren ya zauna? Mu sau biyu muna buɗewa, sau biyu ana tashi baram-baram." Wasu daga Legas ko Fatakwal suke bugowa, 'yan ci-rani masu son haɗa kan mutanen garinsu. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwa a teburin mai shayi, shi ya sa na zauna na jera ta.

Buɗe zaure a waya ba ya cin minti biyu, amma a wannan jerin shi ne mataki na biyar, kuma da gangan na ajiye shi can. Zaurukan da na ga sun mutu, kusan duka daga na biyar ɗin suka fara.

Abin da za ku tanada bai da yawa: babbar waya mai Android wadda batirinta ke kai yini, layi mai rajista da lambar NIN ta mai shi, littafi mai kaurin bango irin na rajistar makaranta, biro, da mutum uku da gari ya yarda da su.

1. Ku faɗi aikin zauren a jimla ɗaya

Ku zauna ku uku ko huɗu, ku amsa wannan: me muke so zauren ya yi mana wanda ba ma iya yi yanzu? Amsa kamar "sanar da rasuwa da haihuwa da ɗaurin aure ga 'yan gari na nesa, da tara gudummawar aikin gayya" ta isa. Haka ma "sanar da farashin riɗi da zoɓo da lokacin rabon taki ga manoman ƙungiya". Idan amsarku ita ce "sada zumunci" kawai, ku sake zama. Zumunci kowa da yadda ya fahimce shi, kuma wanda zai riƙa turo bidiyon barkwanci da ƙarfe ɗayan dare shi ma cewa zai yi zumunci yake sadarwa.

Ku rubuta jimlar a shafin farko na littafin.

2. Ku je gaban manya kafin ku taɓa waya

Matasa sun fi tsallake wannan matakin, kuma shi ne yake cin su daga baya. Zauren da ke ɗauke da sunan gari na gari ne, ko da wayarka ce ta buɗe shi. Ku fara da mai unguwa, shi ya raka ku wurin dagaci, ko bulama a inda haka ake kiransa. Daga nan sai liman. Idan zauren manoma ne, kada ku wuce Sarkin Noma.

Ba dogon bayani ake bukata ba. Bayan gaisuwa, abin da muka ce bai wuce wannan ba: "Allah ya ja zamaninka, yaranka na gida da na ci-rani ne suke son wurin da za su riƙa jin labarin gida suna taimakon aikin gari. Mun zo neman izini da albarka, kuma muna roƙon a ba mu dattijo ɗaya ya zama uban ƙungiya." Wannan roƙon na ƙarshe shi ne ribar tafiyar. Ranar da rigima ta tashi, kuma za ta tashi, admin ɗan shekara ashirin da biyar ba zai iya tsawata wa ƙanen babansa ba. Uban ƙungiya zai iya.

Kada ku ce wa dagaci dole ya shiga zauren. Wasu suna so, wasu suna ganin zubar da girma ne su zauna inda yara ke musu. Ku bar masa zaɓi, amma ku yi alkawarin kawo masa duk shawarar da aka yanke kafin a aiwatar.

A nan ne kuma za ku daidaita maganar mata. A yawancin ƙauyukanmu magidanci ba zai so lambar matarsa ta zauna inda maza ɗari ke ganinta ba, kuma yana da hujja, domin duk wanda ke cikin zaure yana ganin lambar kowa. Mu abin da ya yi mana aiki shi ne zauren mata daban, admin ɗinsa mata zalla: malamar Islamiyya da wata ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi. Sanarwa na tafiya tsakanin zaurukan biyu ta hannun malamar da mijinta. Kada dai a ce za a bar mata a baya, don maganar rigakafi, awo, ruwan sha da adashe duk a hannunsu take.

3. Zaɓen admin, da wanda zai buɗe

Uku ne daidai. Ɗaya mazaunin gari wanda ba ya tafiya ci-rani, ɗaya daga cikin na nesa mai samun wuta da sabis kullum, ɗaya kuma mai rubutu, malamin makaranta ko makamancinsa, wanda zai riƙe littafi. Kada ukun su fito gida ɗaya, kada su zama 'yan jam'iyya ɗaya, kada su zama 'yan masallaci ɗaya idan garinku na da Izala da ɗariƙa. Wannan ba sai na yi bayani ba, kowa ya san garinsu.

Hattara a nan: a tsarin WhatsApp, wanda ya buɗe zaure sauran admin ba za su iya cire shi ko sauke shi ba, sai dai shi da kansa ya fita. Don haka wanda zai danna maɓallin buɗewa ya zama mafi sanyin rai a cikinku, ba mafi iya waya ba. Idan bai iya ba, a karɓi wayarsa a buɗe a gabansa. Na san garin da yaron da ya buɗe musu zaure ya yi fushi da shugaban ƙungiya a kan maganar ƙwallo, ya kwashe admin duka ya cire, ya sauya wa zauren suna. Sai da suka fara daga farko.

Hattara ta biyu: idan admin ɗaya ne tak kuma ya fita, manhajar da kanta take ɗauko wani daga cikin mambobi ta naɗa shi, ba ruwanta da ko wane ne.

4. Ku kulle layukan admin

Kafin zaure ya samu, kowane admin ya shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Za a ce ya zaɓi lambar sirri mai alƙaluma shida. Kada ya sa shekarar haihuwarsa ko wutsiyar lambar wayarsa. Ya rubuta ta a takarda ya adana a gida, ba a cikin wayar ba. Ita ma wayar a sa mata makulli, domin wayar ƙauye takan yini a shagon mai caji, tana bi ta hannaye da yawa.

Ga dalilin wannan wahalar. Ɓarayin zaure suna da salo ɗaya da suke maimaitawa. Wani zai kira ka da ladabi, ya ambaci sunan ƙungiyarku daidai, ya ce akwai taro ta intanet da daddare ko ana rajistar tallafi, an turo maka lamba shida ta tes, ka karanto masa a sa sunanka. Wannan lambar mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Kana karantawa ya shige da sunanka, kai kuma an fitar da kai. Cikin awa ɗaya zai bi 'yan zaure ɗaya bayan ɗaya yana cewa kana asibiti a tura maka dubu ashirin. Babu taron da ake shiga da lambar tes, babu tallafin da ake rajista da ita. Ku faɗi wannan da murya a zaure duk wata.

Idan ta riga ta faru: ka kira sauran admin ta kiran waya nan take su cire lambarka daga zaure su yi shela. Sannan ka sake rajistar WhatsApp da layinka. Sabuwar lambar da za ta shigo ta tes tana korar ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga, amma shi ma yana waje a tsawon kwanakin.

5. Buɗewa da saiti

Yanzu a taɓa waya. A buɗe WhatsApp, a danna ɗigo ukun nan na saman dama, a zaɓi sabon rukuni, a sa sauran admin biyun kaɗai tukuna. Sunan ya fito da gari da ƙaramar hukuma, don garuruwa masu suna iri ɗaya suna da yawa a Jigawa da Kano. Hoton ya zama na masallacin Juma'a ko makaranta ko tsamiyar bakin kasuwa. Hoton mutum kuwa, ko na dagaci ne, ku guje shi, balle na ɗan siyasa.

Sai a danna sunan zauren a shiga wurin izini. Abu uku za a gyara. Sauya suna da hoto a mayar sai admin. Ƙara mutane a mayar sai admin. A kunna amincewar admin ga duk mai neman shiga. A duba kuma saƙonni masu ɓacewa da kansu, a tabbata a kashe suke, musamman inda za a yi maganar kuɗi.

Shawarar da ta fi kowace amfani a wannan matakin ita ce ku buɗe zaure biyu. Na farko na sanarwa, a saita shi admin kaɗai ke iya turawa. Na biyu na hira, kowa ya yi magana. Dalili kuwa, sanarwar jana'iza ta taɓa nutsewa mana a ƙarƙashin saƙonni fiye da ɗari na musun ƙwallo, wani ɗan'uwanmu da ke Kano, tafiyar awa biyu kacal, bai gani ba sai bayan an binne. Tun daga ranar muka raba. Dattawa da masu ƙaramar data sukan tsaya a na sanarwa kaɗai, kuma ba sa rasa komai. WhatsApp na da tsarin da ke haɗa zauruka da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya tun 2022, amma ga gari ɗaya ban ga bukatarsa ba, yana rikita masu sabon hannu. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, ba za ku cika shi ba.

6. Dokoki: kaɗan, a rubuce da kuma a murya

Doka ashirin ba mai karantawa. Namu shida ne:

Ba zagi, ba gori, ba habaici ga gida ko zuri'a.
Ba tallan ɗan takara, ba muhawarar aƙida.
Ba hoton gawa ko na wanda ya ji rauni.
Labarin tsaro, ambaliya, cuta ko rasuwa a tura wa admin tukuna, kada a saka kai-tsaye.
Ba neman kuɗi da sunan ƙungiya sai ta bakin ma'aji.
Daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba a yi shiru, sai lalura.

Doka ta uku mun ƙara ta ne bayan fashewar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024. Hotunan da suka riƙa yawo a zauruka a ranakun nan, akwai iyayen da a waya suka fara ganin abin da bai kamata su gani ba. Mamaci yana da haƙƙin sutura, a waya ma haka.

A rubuta dokokin a wurin bayanin zaure, domin can ne ba sa gogewa. Maƙala saƙo a sama yana da amfani, amma mafi tsawon wa'adinsa kwana 30 ne, kuma saƙo uku kawai yake ɗauka. Sannan a roƙi uban ƙungiya ya karanta su da muryarsa a naɗa. Da yawa daga mutanenmu ajami suka iya ko kuma ba sa karatun boko da sauri, murya ce take isa gare su. Muryar dattijo kuma nauyinta daban. A ajiye wannan naɗin, duk sabon shiga a tura masa, don ba ya ganin abin da aka yi kafin zuwansa sai an turo masa.

7. Shigar da mutane

Daga littafi za ku fara. Kowace unguwa a rubuta suna, sunan mahaifi, inda mutum yake zaune yanzu, da lambarsa. A kira shi ko a same shi a tambaye shi ko yana so. Jefa mutum cikin zaure ba da saninsa ba yana sa ya fita, fitar kuma sai ta zama abin magana.

Ku shigar da su kashi-kashi, kamar ashirin a rana, kowa ya gabatar da kansa da murya: ni ne wane ɗan gidan wane, ina Agege ina sayar da kaza. Wanda ba a gane ba, a tambayi mai unguwarsu.

Hattara da mahaɗin gayyata, wato link. Duk wanda ya same shi zai iya neman shiga, kuma da zarar ya faɗa Facebook ya fita hannunku. Ta nan ɓarayin mataki na huɗu suke samun sunan ƙungiya da lambobin mutane. Idan dole ne a tura wa wani, a tura masa shi kaɗai, yana shiga a sabunta mahaɗin, tsohon ya mutu.

8. Data, caji da sabis

Manhajar kyauta ce, data ce ke cin kuɗi, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara jin zafinta. Lambobin yanzu ɗaya ne a duk layuka: *312# sayen data, *323# duba ragowarta, *310# duba kuɗin kira. A jerin da *312# ke kawowa ku duba ƙunshin soshiyal, wanda ya fi araha ga wanda WhatsApp kaɗai yake yi. Ku karanta farashin a wayarku ranar da za ku saya, don yana sauyawa.

Abin da ke cinye data ba rubutu ba ne, ba kuma murya ba. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin megabait ba. Bidiyon minti ɗaya kuwa yakan ci megabait da yawa, ya ninka muryar sau goma ko fiye. A ranar da aka shigar da mutum, admin ya karɓi wayarsa ya shiga saiti, sashen ma'ajiya da data, ya kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Wannan ɗan aikin shi ne ke hana dattijo cewa zauren nan yana shanye masa kati ya fita. Haka nan yana hana ƙwaƙwalwar waya cika.

Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma a faɗi kan magana a farkonsa bayan sallama. Wanda ya hau kan tudun bayan gari neman sabis, batirinsa saura kaɗan, ba zai saurari minti tara ba. Sanarwa mai muhimmanci a sake ta tsakanin magariba da isha'i, lokacin an dawo daga gona an karɓo waya daga caji. Admin na gida ya cancanci ƙungiya ta saya masa fawa bank ko ƙaramin faifan sola, a kuma ware masa kuɗin data na wata a rubuce a littafi. Aikin kowa yake yi.

9. Waɗanda ba su da babbar waya

Su ne mafi yawa a gari, kuma galibi su ne masu gonaki da iyalai. Idan zaure ya fara yanke shawara ba tare da su ba, nan da nan za a ce ƙungiyar 'yan boko ce da 'yan birni, ranar aikin gayya kuma ba za ku ga kowa da fartanya ba.

Kowace unguwa a naɗa wakili mai babbar waya. Aikinsa ya kunna sanarwa a majalisa bayan isha'i, ya kuma naɗo amsar dattawa da murya ya mayar zaure. Babbar magana, kamar sa kuɗi ko ranar aiki, ba ta zama yankakkiya sai an faɗe ta bayan sallar Juma'a. Mai shelar gari kada a ajiye shi, a riƙa ba shi sanarwa kamar da.

Akwai tsarin ƙuri'a a cikin manhajar, yana da kyau wajen zaɓen ranar taro. Amma kowa na ganin abin da kowa ya zaɓa, don haka kada ku yi zaɓen shugabanni da shi, gaba za ku haifar tsakanin gidaje.

10. Kuɗi

Nan ne zauruka suka fi mutuwa, kuma ba kullum sata ce ke kashe su ba. Zargi ma ya isa. Mutum yana dako a Legas ya tura dubu biyar, wata biyu bai ji komai ba, ba sai an ci kuɗin ba ya riga ya yanke hukunci.

Da farko a raba aiki: mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, mai ba da izinin fitarwa daban. Ma'aji ya zama mai sana'arsa, wanda dubu hamsin ba za ta ruɗe shi ba.

Asusu mafi kyau shi ne na banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu. Wannan na bukatar takardar rajista, don haka ku fara neman ta a ƙaramar hukumarku tun da wuri, ku kuma tambayi bankin takardun da yake so kafin ku yi kuɗin mota. Kafin a samu, ma'aji ya ware asusu guda wanda ba ya saka ko kwabonsa a ciki. Idan irin su OPay ko Moniepoint ko PalmPay ne, a duba matakin asusun: na matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma abin takaici ne gudummawa ta riƙa komawa ana tsakiyar tarawa.

Lambar asusun a rubuta ta a bayanin zauren sanarwa tare da cikakken sunan da zai fito. A kafa doka cewa ba ta sauyawa sai an ji muryar admin biyu da ta uban ƙungiya. Duk saƙon da ya zo da sabuwar lamba, ko daga layin shugaba ya fito, a ɗauka an sace layin.

Kafin a nemi ko naira ɗaya, a faɗi aikin da kuɗinsa. A ce gyaran famfo zai ci naira 180,000: a kawo lissafin mai gyara dalla-dalla, bututu nawa, roba nawa, ladan aiki nawa, a ɗauki hotonsa a saka. Idan mutum 60 ne za su ɗauka, kowa 3,000 ke nan, mai hali ya ƙara. Mutane sun fi sakin hannu idan sun ga ƙarshen abin.

Hattara da hoton rasit. Ana ƙirƙirarsa, kuma wani lokacin na gaske ne amma kuɗin ya maƙale a hanya. Ba a rubuta sunan mutum a littafi sai ma'aji ya buɗe asusu ya ga kuɗin da idonsa. Wanda ya tura ta wurin mai POS, sunan mai POS ɗin ne zai fito, don haka ya aiko da rasit da sunansa ga ma'aji kai-tsaye. Masu kawo tsabar kuɗi a gari a rubuta a gabansu.

Duk Juma'a da yamma, ba fashi, magatakarda ya ɗauki hoton shafin littafi ya saka, ya kuma karanta da murya: abin da ya shigo, daga wa, abin da ya fita, abin da ya rage. Ko babu abin da ya shigo a makon, a faɗi haka. A rubuta har 'yan ƙananan caji, irin harajin naira 50 da ake cirewa a kan tura naira 10,000 zuwa sama, da ladan mai POS wajen cirewa. Su ne suke sa lissafi ya ƙi haɗuwa da 'yan ɗaruruwa, kuma a kan ɗari uku na ga an ɓata zumuncin shekaru. Wanda ba ya son a ambaci sunansa a rubuta "wani bawan Allah" da adadin da ya bayar, shi zai gane kansa.

Sunayen waɗanda suka biya ake karantawa. Jerin waɗanda ba su biya ba kada ya taɓa shiga zaure. Ba ka san wanda ya kwana da yunwa ba, kuma wanda aka kunyata a gaban gari ba ya dawowa. Wakilin unguwa ya bi su a gida a hankali.

Aiki ya kammala, a saka hoton rasit na kaya da hoton famfo yana zuba. A nan kam bidiyo ya halatta.

11. Jita-jita

Masu shekaru za su tuna daren nan na watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane da waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kowa daga wanda ya yarda da shi ya ji. Haka jita-jita take shigowa zaure, ta hannun mutumin kirki mai son ya taimaka.

A yankinmu an fi samun iri uku: an saki ruwan madatsar Tiga ko ta Challawa kowa ya gudu, an ga baƙin fuska a daji, da kuma mahaɗin cike fom na tallafin gwamnati. Kogin Haɗeja yana ambaliya da gaske, wanda ya ga 2022 a Ringim ko Auyo ba ya wasa da labarin ruwa, shi ya sa ƙarya a kansa take saurin kamawa. Aikin admin shi ne ya riƙe saƙon, ya tambayi wanda ya turo: kai ka gani, ko turo maka aka yi? A wane gari? Yaushe? Sannan ya kira wanda ke wurin, ko dagaci, ko jami'in ƙaramar hukuma, ko malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, idan maganar noma ce. Ya kuma saurari labaran rediyo. Saƙon da ke ɗauke da alamar kibiya biyu a samansa ya bi hannaye da yawa kafin ya iso, wannan kaɗai ya isa a dakata.

Maganar baƙin fuska ta fi kowace haɗari, don tana iya sa a far wa matafiyi ko makiyayi da bai ji ba bai gani ba. Irin wannan dagaci da jami'an tsaro ake kai wa, ba zaure ba. Mahaɗin tallafi kuwa, duk wanda ya nemi BVN ko lambar katin ATM ko ya ce ka tura wa zauruka biyar kafin a biya ka, a goge shi. Admin na da ikon goge saƙon kowa ga kowa cikin kusan kwana biyu. Bayan gogewa ya yi bayani da murya a taƙaice ba tare da kunyata wanda ya turo ba.

12. Idan an saɓa doka

Karo na farko a kira mutum a waya, shi kaɗai. Karo na biyu uban ƙungiya ya yi masa magana. Karo na uku a fitar da shi na mako biyu, a sanar da dalili a jimla ɗaya. Kada admin ya yi hukunci a kan rigimar da shi ma yake ciki, ya bar wa sauran biyun. Idan wuta ta kama sosai, a mayar da zauren hira sai admin kaɗai ke turawa har gari ya waye. Rigimar gona, gado ko aure ba ta zaure ba ce, a mayar da ita gaban mai unguwa. A tuna wa mutane kuma cewa magana zarar bunu ce, abin da aka rubuta ana ɗaukar hotonsa, kuma ƙazafi a waya yana kai mutum gaban alƙali kamar ƙazafi a kasuwa.

Lokacin zaɓe 'yan takara za su zo da gudummawa. A karɓa a rubuta kamar ta kowa, amma kada a ba su admin, kada a sa fastarsu.

13. Sharar shekara

Da damina zaure yakan yi tsit, kada ku damu, mutane na gona. Bayan kaka, kafin 'yan ci-rani su tafi, a yi taro ido da ido, a karanta lissafin shekara, a sabunta admin idan da bukata. Admin mai sauka ya miƙa littafi a gaban shaidu, sabo kuma ya bi mataki na huɗu kafin a naɗa shi.

A wannan zaman ne ake bin lambobi ɗaya bayan ɗaya a gwada da littafi. Wanda zai sauya layi a nuna masa wurin sauya lamba a sashen asusu, ya yi tun tsohon layin na hannunsa, zaurukansa za su bi shi. Wanda wayarsa ta ɓata a cire lambar har sai ya karɓo layinsa. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, sai ku wayi gari baƙo na zaune a cikinku da sunan ɗan gari.

Haka lambar wanda ya rasu. Hannu yana nauyin cire ta, na sani, ni ma na daɗe ina kallon ta wani abokina ban iya ba. Amma wayar mamaci takan koma hannun yaro ko a sayar da ita. Mu mukan jira a share makoki, admin na gida ya je ya sanar da iyalan, a yi masa addu'a a zaure, sannan a cire. A littafi kuma ba ma soke sunan, sai dai a rubuta ranar rasuwar a gefensa.